Yadda Na Je Birnin Kwaramniya Ɗauko Jikana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya zuba ruwa a kwari, ya kafa dutse a tudu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni Yalwa, mutuniyar Tungar Marke ta bayan Duwatsun Gishiri, zan ba ku labarin tafiyata zuwa Birnin Kwaramniya, da abin takaicin da idona ya gani a can. Har yau in na tuna, tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro da daɗi.

Ina da jika, Tanimu, ni na goye shi bayan rasuwar uwarsa. Yaron nan tun yana rarrafe ba ya ganin abu ya ƙyale shi yadda yake. Ya taɓa cire mini ƙyauren ɗaki don ya ga abin da ke sa shi kuka. Tambaya kuwa, in ya fara, sai na ce, "Maigida, ka bar ni in haɗiye lomar nan tukuna." Da ya girma mutanen gari suka ce irin wannan kai ya fi ƙarfin tunga, a kai shi jami'ar Birnin Kwaramniya, inda aka ce babu tambayar da ba ta da amsa. Na daka masa dakuwa, ya tafi. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, wata ma ta bi, ba shi ba saƙonsa. Ranar da na ji gwiwata ta fara yi mini gardama, na ce in ban tafi yanzu ba, to ba zan taɓa tafiya ba. Na ƙulla dakuwa, na ɗauki sandata na kama hanyar gabas, niyyata ɗaya: in kamo yarona in dawo da shi gida.

Abin da na fara cin karo da shi daji ne wanda itatuwansa ba sa zama wuri ɗaya. Da hantsi sukan zare saiwoyinsu su bi rana zuwa yamma, matafiyi ya sa wa kuka alama, ya waiga ya ga ta yi gaba. Na sha zagaye a ciki har takalmina ya tsinke. Can na lura da wata tsohuwar tsamiya mai taurin kai, kowa na yin yamma ita gabas ta nufa, tana bangaje na gabanta. Na ce wannan halinmu ɗaya. Na hau reshenta na ɗaure ƙuguna da mayafi, ita ta fitar da ni.

A bakin dajin na iske wani gari, mutane sun taru a kan rijiya, jaki na kuka daga can ƙasa. A tsakiyarsu wani saurayi ne tsaye, goruna rataye a wuyansa da ƙugunsa da kafaɗunsa, kowanne da marfi. Wata mata ta raɗa mini cewa ɗan jami'ar Kwaramniya ne, shi garin ya ɗauka ya riƙa warware musu matsala.

Saurayin ya zare marfin wani gora. Wallahi sai ga muryar dattijo ta fito daga ciki: "In akuya ta faɗa rijiya, a zura kwando." Ya toshe, ya buɗe wani: "In guga ya faɗa rijiya, a zura ƙugiya." Haka ya yi ta yi har ya gama da su, sannan ya dubi jama'a.

"Babu goran jaki," in ji shi. "Abin da ba shi da gora kuwa bai faru ba."

Jakin ya sake tsala kuka.

Na ce, "To wannan fa, ɗan nan? Kakanka ne ke kiran salla a ciki?"

Bai ji haushi ba. Ya lalubo wani ƙaramin gora ya buɗe: "In baƙo ya yi rashin kunya, a yi masa uzuri." Ya ɗan rusuna mini.

Mazan garin suka watse, don ba mai ikon taɓa abin da malami ya ce bai faru ba. Na bar mata suna zura wa jakin ciyawa a ɓoye. Tun daga nan na ce Allah ya sa ba wannan karatun aka ɗura wa Tanimu ba.

Kafin ka ga Birnin Kwaramniya kunnenka zai ji shi. Kowa a cikinsa da goruna yake yawo, suna karo da juna, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar an kora shanu cikin rumbun ƙwarya. A gabansa akwai wata ƙatuwar gada ta dutse, ƙarƙashinta yashi ne busasshe, ɗalibai suna share shi da tsintsiya. Na tambaya, aka ce nan ne makwancin Kogin Walagigi. Kogi ne mai rai, yakan tashi daga inda yake ya koma wani wuri, kuma ya daɗe da komawa can yamma da birni. Amma gora ya ce ta ƙarƙashin gada yake bi, don haka kullum ake share masa.

A ƙofar birni masu gadi suka tare ni. Babbansu ya buɗe gora: "Wanda ya nufo birni ba shi da gora, a mayar da shi."

"Jikana na zo gani," na ce.

"Iya, mu ba ruwanmu, kin ji da kunnenki."

Na koma gindin ganuwa na zauna ina huci, ina kallonsu. Sai na ga duk wanda ya fito, wani goran suke buɗe masa: "Wanda ya ba birni baya, a yi masa addu'ar tafiya, kada a tare shi." Na miƙe na gyara zanina, na juya wa ƙofar ƙeya, na fara takawa da baya-baya ina shiga. Suka dubi fuskata, suka ga daji take kallo.

"Allah ya kiyaye hanya, Iya!"

"Amin, 'ya'yan albarka," na ce, har na shige.

Jami'ar tana kan tudu a tsakiyar birni, soraye ne manya-manya. A babban zaure na tarar da shugabanta, wani dogon mutum da ake kira Shehu Gwadabe, yana jarraba ɗalibai. Shi zai jefo tambaya, su kuma su yi rige-rigen lalubo goran da ya dace. Ba wanda ke buɗe bakinsa, hannu ne kawai ke aiki. Wanda ya fi kowa sauri wani siriri ne a sahun gaba, wuyansa ya lanƙwashe saboda nauyin igiyoyi. Sai da ya juyo na gane shi.

"Maigida!" na ƙwala masa kira.

Ya dube ni. Na ga idonsa ya motsa, amma hannunsa ya riga bakinsa. Ya zare marfi, wata murya ta ce, "In dangi sun zo, a ce musu lafiya lau, karatu na tafiya."

"Ka ci abinci kuwa? Dubi yadda ka koma kamar kara."

Wani goran: "Abincin jami'a wadatacce ne."

Na matsa har ina jin numfashinsa. "Tanimu, wace ce ni?"

Ya fara lalube. Ya taɓa na wuya, ya taɓa na ƙugu, ya koma na wuya. Amma ko harafi bai fito daga bakinsa ba. Yaron da ba ya barina in haɗiye loma! Ban san lokacin da sandata ta tashi ba. Na rufe gorunan nan da duka, na fasa na ƙugu, na fasa na kafaɗa, na tsinke igiyar wuya na tattake sauran. Muryoyin suka fito gaba ɗaya suna surutu a kan juna, suka yi sama kamar jemagu suka fice ta taga.

Shehu Gwadabe ya sauko a hankali, ya buɗe wani baƙin gora: "Ɗalibin da ya rasa gorunansa, a sauke shi Kwari, ba ya hawowa."

"Ni na fasa," na ce. "Ni za ka hukunta, ranka ya daɗe, in kana da ta cewa da bakinka."

Ya duba gorunansa kaf, babu na tsohuwa mai sanda. Ya ɗauke kai kamar ba kowa a gabansa. Ni ma ban faru ba ke nan. Da aka ja Tanimu zuwa Kwari na bi bayansu, ba wanda ya hana ni.

Kwari wani rami ne mai faɗi a bayan birni, duwatsu sun kewaye shi, bakinsa ɗaya ne, yana kallon yamma inda kogi yake. Ƙofar da aka sauko da mu ta cikinta aka rufe ta daga sama. A nan ake zubar da ɗaliban da suka yi ɓari, da waɗanda aka kama suna tambayar da ba ta da gora. A nan kuma na sadu da Malama Furera, wata gajeriyar mace mai ɗingishi, wadda gashinta ya fara fari. Da ta yi mini sannu da zuwa na ji kamar na san muryar.

"Ke ce mai cewa abincin jami'a wadatacce ne?"

Ta yi dariya. "Ni ce, Iya. Da yawa daga gorunan da kika fasa ni na cika su. Ranar da na ce na daina, suka sauko da ni."

Na ɗauka a wurinta zan ga tausayi. Ina! Washegari ta kai Tanimu gaban wani dutsen niƙa, ta nuna masa katanga, ta ce ya ɗora shi a kai ba tare da ya ɗauka a ka ko a hannu ba. Ta tafi ta bar shi. Ya tsaya, hannunsa na lalube a ƙugu inda babu komai. Hantsi ya yi, rana ta take, yana tsaye. Ga itace zube a gefe, ga igiya, abin da ko makaho zai haɗa. Na tashi zan raɗa masa, sai ga ta a gabana.

"Iya, koma ki zauna."

"Yaron nan zai faɗi! Ke wace irin malama ce? Ki gaya masa mana, ko ki bar ni in gaya masa."

"Kin fasa masa goruna jiya," ta ce, "yau kuma ke kike so ki zama sabon goransa?"

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa ce mini gora ba. Na zauna ne kawai don ƙafata ta gaji, ba don ta yi gaskiya ba. Ranar nan Tanimu bai ɗora dutsen ba, kuma ba ta ce masa komai ba.

Haka take koyarwa. Ta kawo wa ɗalibai abin da ya lalace, ko ta ɗaure musu wata matsala, ta koma gefe. In suka yi kuskure sai ta yi murna kamar an yi mata haihuwa, ta ce, "Madalla, yanzu me ka sani wanda ba ka sani ba da safe?" Akwai wani ƙato, Jatau, wanda ya fi kowa ɓarna, da wata yarinya mai kaifin baki, Lantana, kullum suna musu. Tanimu kuwa ya shiga cikin masu ɗebo ruwa daga kogi, don aikin ne kaɗai ba ya tambayarsa komai. Ya tafi da tulu ya dawo da tulu, bakinsa a rufe.

Masu ɗebo ruwan ne suka fara cewa hanya tana raguwa. Kullum kogin yana matsowa. Kafin mu ankara ya zo ya cika bakin Kwari, ya zuro kai ciki, ja kamar kunun kanwa, yana gurnani. Ni da Malama muka hau matakala muka yi ta dukan ƙofa har Shehu Gwadabe ya leƙo ta kan ganuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Malama, "kogi ya shigo Kwari. A buɗe wa yaran nan."

Ya buɗe gora: "Kogin Walagigi ta ƙarƙashin gada yake bi."

"Leƙo ka gani da idonka!" na ce. "Ga shi can yana cin bukkoki!"

Ya buɗe baƙin goran nan: "A sauke shi Kwari, ba ya hawowa." Ya juya ya tafi, gorunansa na ƙwal-ƙwal. Abin da na bi shi da shi ba na faɗa ba ne.

Malama ta tara ɗalibanta a kan wani ɗan tudu. Ta ce, "Ku saurara. Wannan karon ban ɓoye komai ba. Ban san yadda za mu fita ba."

"Ba ki sani ba?" na ce. "Kuma ake ce miki Malama?"

"Da na sani, Iya, da tuni muna waje. To, wa ke da tunani? Ko na banza ne a faɗa."

Jatau ya ce a yi shinge. Suka jera duwatsu da buhunan yashi, kogin ya zo ya lashe su kamar miya. Lantana ta ce ai dama ta faɗa, a jefa igiya a hau dutse. Suka jefa, dutsen ya marmashe kamar ƙanzo, igiyar ta dawo kan Jatau.

"Hawan ya yi kyau, Lantana," in ji shi. "Ki gaishe da na sama."

"Gara ni, ban yi wa kogi abincin rana ba."

Malama na tsaye tana tambayarsu me suka koya, ruwa kuwa ya riga ya kashe murhu ya tafi da tukwane. Na waiga ban ga Tanimu ba. Can na hango shi tsugune a bakin ruwan, harshen kogin na neman yatsunsa. Na ruga na kama wuyan rigarsa.

"Iya, bar shi," in ji Malama.

"Ke ki bar ni! Ba ke kika goye shi ba!"

Sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. "Me ya sa bai bi ta can ba?"

Na saki rigar. Tanimu ne. Yana nuna wani gangare a hannun hagu, busasshe ƙayau.

"Can ya fi zurfi," ya ce. "Ruwa gangare yake bi. Wannan ya bar gangare ya biyo nan. Ku duba, har gawon can ya kewaye, yadda muke kewaye shi in mun ɗauko tulu."

Malama ta tsuguna kusa da shi. "Me kake tsammani?"

Hannunsa ya tafi ƙugu, ya tsaya a hanya. "Tulunanmu suna ɗiga. Ina jin... ruwansa yake bi."

"Ta yaya za mu sani?"

Ya karɓi ludayi ya ɗebo daga kogin, ya yi ta ɗiga shi a ƙasa yana hawa tudu. Jama'a, da idona na gani: wani siririn harshe ya ɓalle daga kogin ya bi ɗigon nan, ya hau tudu kamar saniya mai bin ɗanta. Ɗalibai suka sa ihu. Malama ko murmushi ba ta yi ba.

"Wataƙila kowane ruwa yake bi. Akwai ruwan sama a randar bayan ɗakina."

Lantana ta kawo, suka ɗiga. Kogin ko kallonsa bai yi ba.

"To nasa yake nema," in ji Lantana, "kuma duk randunanmu cike suke da shi. Mu ne ɓarayin. A mayar masa."

Tsoro ya kama ni. Na ce, "Wanda muka sha fa? Ni kaɗai na sha ya kai randa."

"Tambaya mai kyau, Iya," in ji Malama, kamar wata ɗalibarta ce ni. Jatau ya je ya tsaya a gefen harshen ruwan ya turo masa tumbinsa. Kogin ya wuce shi.

"Ko kogi ba ya sonka," in ji Lantana.

Suka juye randuna duka a cikinsa. Ya daina matsowa da sauri, amma bai koma ba, yana ta shinshina tsohuwar hanyar. Tanimu ya ce sai an ba shi wata hanyar da zai bi, a ja shi zuwa makwancinsa na ƙarƙashin gada. Jatau ya huda gindin tulu, ruwan ya zube nan take. Ya huda wani ya cusa tsumma a ramin, wannan ya riƙa ɗiga a hankali. Saura fita. A jikin dutsen bakin Kwari akwai wata 'yar gaɓa siririya, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba, ruwa na lasar ta. Dutsen nan mai marmashewa ba zai ɗauki Jatau ba, ba zai ɗauki taro ba, balle gurguwa da tsohuwa. Wanda ya fi kowa rashin nauyi a Kwari shi ne wanda goruna suka tsotse.

Tanimu ya naɗa gammo.

Na riƙe hannunsa da hannuna biyu. "Ba inda za ka je. Na keto daji, na shiga birni da baya, don in kai gawarka gida? Malama, ki hana shi!"

"Ni ban aike shi ba, Iya," ta ce. "Kuma ba zan hana shi ba."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini yana ƙarami in ya ɓata abu. "Tsohuwa, sake ni. In na tsaya, ke ruwa zai fara ci, kin fi kowa gajarta."

"Ka ga ɗan banza," na ce, hawaye na zubo mini. Na sake shi.

Ya hau gaɓar nan, tulu a ka, bayansa manne da dutse. Sau da dama tsakuwa ta zame ƙarƙashin ƙafarsa, ni kuma ina kiran sunayen Allah duk wanda ya zo bakina. Ya kai ƙarshe ya sha kwana, muka daina ganinsa. Kogin ya yi shiru. Sannan kansa ya ɗaga, ya waiga, ya juya da wani irin ruri da ya girgiza duwatsu, ya bi bayan yarona. Ruwan da ke Kwari ya zuƙe ya fita kamar an ja zani daga igiya.

Muka fito cikin taɓo, ina faɗuwa Jatau na ɗaga ni, muka bi sawun kogin har gaban birni. Ga shi kwance ƙarƙashin gada, cike har baki, yana lumshi. Masu shara sun tsira da ƙyar, suna tsaye jiƙe da tsintsiyoyinsu. A kan gadar Tanimu na zaune, ƙafafunsa duk jini, ya jefa tulun a makwancin ya haye. Na rungume shi, na kuma daka masa duka a baya, na sake rungume shi.

Muna haka sai ga Shehu Gwadabe da manyan malamai. Ya leƙa ƙarƙashin gada, ya gyaɗa kai, ya juya ga ɗalibansa.

"Kun gani? Gora ya ce ta ƙarƙashin gada yake bi. Ga shi nan."

Da Malama da Lantana ba su riƙe sandata ba, da yau wani labarin nake ba ku. Mutumin nan ko kunya bai ji ba. Ya sa aka kawo sabon gora, ya miƙa wa Tanimu, ya ce ya faɗi abin da ya yi a ciki don a ajiye wa na baya, in ya yi haka za a mayar da shi sahun gaba, a ba shi goruna sababbi.

Tanimu ya karɓa ya jujjuya shi. Ya kai bakinsa ga goran ya ce, "Ban san irin abin da zai zo maka ba. Tashi ka je ka duba." Ya miƙa masa. Shehu Gwadabe ya toshe da girmamawa, ya rataya a wuya, bai ma saurari abin da aka zuba ba. Amma na ga wasu daga cikin masu tsintsiya sun dubi juna.

Na ce, "To, Maigida, an gama. Tashi mu tafi gida, in yi maka tuwon dawa da miyar kuka, ka mayar da jikinka."

Ya dubi ruwa. "Ba yanzu ba, Kaka."

"Ba yanzu ba? Wurin waɗannan za ka koma?"

"Wurin Malama. Har yanzu ban san me ya sa yake bin ruwansa ba. Kuma ban san ta ina za mu riƙa ɗebo ruwa bai biyo mu ba. Ga dutsen niƙan can ma yana jirana."

"Ni da na taho tun daga bayan Duwatsun Gishiri?"

"Ke kika fasa gorunan," in ji shi, yana dariya. "Da kin bar su, da akwai goran da zai ce miki to."

Na zage shi, na zagi Malama Furera wadda ke tsaye tana share ido da gefen mayafi, na kwance ragowar dakuwar da ke ƙullina na cusa masa a hannu. Ya raka ni har bayan gada yana ta zuba mini tambayoyi a kan tsamiyar nan mai tafiya gabas, yadda take taka ƙasa, da ko tana hutawa, har na ce ya koma haka nan, kaina ya fara ciwo. Na kama hanya ni kaɗai kamar yadda na zo, ina masifa, ba wanda nake yi wa sai iska.

Nan alƙalamina ya tsaya. Abin da na ƙara Allah ya yafe mini. Abin da na rage kuwa na Shehu Gwadabe ne, don akwai kalmomin da tsohuwa ba ta rubutawa.